Rubutun da Bai Bushe Ba

Rumfar Regina ita ce ta uku daga ƙofar maƙabarta, a hannun hagu in ka sauko daga bas. Furanni take sayarwa, amma ba don furanni aka san ta a birnin Radom ba. Duk wanda aka yi wa rasuwa zai sayi kambun furanni a ɗora a kan kabari, kowane kambu kuma da dogon farin ƙyallensa mai reshe biyu, ɗaya a yi wa mamacin rubutu, ɗaya a sa sunan wanda ya kawo. Sauran rumfunan sun daɗe da komawa inji, ana dannawa rubutu ya fito. Regina kuwa har yau buroshi take riƙewa, ɗan siriri kamar gashin ido, da 'yar kwalbar fenti ruwan zinare. Rubutunta sai ya kwana kafin ya bushe, shi ya sa ba ta karɓar aikin gaggawa. Wanda ya zo mata da safe yana cewa jana'iza ƙarfe sha biyu, sai ta nuna masa rumfar masu inji da bakin buroshi ta ci gaba da abin da take yi.

Kalmomin sana'ar ba su da yawa, ta kuma san nauyin kowace. Akwai drogi, wato mai daraja, wadda ake rubuta wa shugaban wurin aiki da maƙwabci da surukin da aka zauna lafiya da shi don dole. Wiesia, mai sayar da kyandir a rumfar da ke jikin tata, takan ce ba a banza ba kalmar nan ce kuma ake faɗa in kaya ya yi tsada. Sama da ita akwai kochany, wato abin so, ta kawu da goggo da abokin ƙuruciya. Can ƙoli sai ukochany, wato abin ƙaunar zuciya, wadda ba ta kowa da kowa ba ce. Ta miji ce da mata, da uwa da uba, da ɗan da ya riga iyayensa tafiya. Regina ba ta zaɓa wa mutum. Takan tsoma buroshi ta jira, ta bar shi ya faɗa da bakinsa, daga yadda ya faɗa kuma takan san abin da ya wuce a gidan nan shekara talatin, ko da yake ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har Wiesia.

Ita kanta ba a cika faɗa mata irin waɗannan ba. Uwarta ta rayu ta mutu ba ta taɓa ce mata kocham ba, wato ina ƙaunarki, kalmar da ake faɗa wa mutum ɗaya ko biyu a duk tsawon rai. Abin da takan ce shi ne sa hula, cinye miyarki, kada ki zauna a kan siminti. Wanda ya yi shekara biyar a jami'a yana karanta yaren nan zai iya zana maka yadda kocham take juyawa a kowane lokaci, da inda ta rabu da lubię, wadda ake faɗa wa shayi da kare da maƙwabci mai kirki. Ranar da zai buƙaci ɗayansu kuwa, karatun ba zai buɗe masa baki ba.

Mutum ɗaya ne ya taɓa yi mata ruwan kalmomi. Tana da shekara ashirin da shida, tana aiki a masana'antar keken ɗinki, inda aka koya mata buroshi, tana zana furannin zinare a baƙin kan keke daga safe har la'asar. Waldek yana sashen ɗaure kaya, mai gashin baki da dariya a kusa. Shi ya fara kiranta żabko, 'yar kwaɗona. Kashegari ta zama 'yar kifinsa, jibi 'yar kyanwarsa, ranar Lahadi kuma ranarsa mai haske. A sati guda sai ta zama dabbobi uku da rana guda. Kocham kuwa tana fita daga bakinsa kamar tari, a bas, a layin nama, a gaban uwarta. Da ya tafi Chicago ya ce wata shida zai aiko mata da takardu. Wasiƙa biyu ya rubuto. Ta farko ta fara da 'yar kwaɗona. Ta biyu ta fara da kalmar nan ta shugabanni da maƙwabta, da cikakken sunanta na takarda. Ba ta buƙaci karanta sauran ba, ko da yake ta karanta, sau da yawa ma.

Daga baya aka rage ma'aikata, ta fito da buroshinta a aljihun riga, ta samu rumfa a bakin maƙabarta. Uwarta ta rasu, ɗakuna biyun da ke hawa na huɗu suka zama nata ita kaɗai, da rediyo, da tukunyar miya da takan dafa ranar Lahadi ta kai ta Laraba.

Lucjan ya zo rumfar ne shekara goma sha tara da suka wuce, a watan Maris, yana juya hularsa a hannu. Direban bas ɗin gari ne, layin da ke ƙarewa a ƙofar maƙabarta ma shi yake ja, ta sha ganin ƙeyarsa ba ta san fuskarsa ba. Matarsa Stefania ce ta rasu. Regina ta tsoma buroshi ta jira. Ya daɗe kafin ya faɗi kalmar ƙolin nan, a hankali, kamar wanda ke tsoron kada ta fashe. Da ya dawo karɓa ya tsaya yana kallon harafin farko na sunan matar, ya ce an yi mata shi kamar tsuntsuwa a kan ruwa, da ta gani da ta ji daɗi.

Tun daga nan bai fasa Asabar ba. Ƙarfe goma zai iso, ya sayi fararen furanni biyu, ya shiga ciki wajen Stefania, ya fito ya tsaya a bakin rumfa kamar minti goma sha biyar. Regina takan zuba masa shayi da lemun tsami daga filas ɗinta. Yakan ba ta labarin gwiwarsa, da tumatirinsa na lambu, da direbobin yanzu da ba su san agogo ba, da 'yarsa Dorota da ke aiki a ƙasar Ailan. Shi ya gyara mata hitar gas ɗin rumfa sau uku. Ranar Alhamis ɗin maiƙo, da kowa ke cin fanke mai jam kafin azumi, yakan kawo guda huɗu a takarda, biyu nata biyu na Wiesia. Kowace shekara a watan Maris kuma yakan sa ta rubuta wa Stefania sabon ƙyalle da kalmar nan, ita kuma takan yi harafin kamar tsuntsuwa.

Duk wannan da “ku” ake yinsa. Shi pan Lucjan ne, ita pani Regina, wato malam da malama. Kun sha shayi, pan Lucjan. Ku kula da santsi, pani Regina. A shekara ta shida, ranar da kalandar coci ta ware wa masu sunanta, bakwai ga Satumba, ya zo ba ranar Asabar ba, da jajayen furanni uku a naɗe cikin jarida don kada ta ga takardar rumfar masu inji inda ya saya. Uku, ba biyu ba, tunda biyu na matattu ne. Ya miƙa mata ya ce, “Allah ya ƙara lafiya, pani Reniu.” Renia sunanta ne na gida, Reniu in za a kira ta, wanda ba a ƙara kiranta da shi ba tun rasuwar uwarta, sai Wiesia. Pani ɗin tana nan a gaba kamar ƙofa, amma an ɗan tura ƙofar. Ta koma gida ranar ta wuce tasharta da tasha biyu.

Wiesia ba ta bar su sun huta ba. Da ta hango hularsa daga tashar bas sai ta leƙo ta bayan kwalayen kyandir.

“Ga direbanki nan, gyara gashinki, kin yi kama da tsintsiya.”

“Ki ji da kyandiranki.”

“Shekara nawa ke nan kuna ku, ku, kamar ministoci biyu? Ni ko mai duba rumfuna ba na yi wa wannan ladabin. Mijina sati biyu da haɗuwarmu na ce masa kai jaki, har yau yana amsawa.”

Regina takan yi dariya ta ce ba nata ba ne ta fara. Ƙa'idar kowa ya san ta, ba a tsallakawa daga “ku” zuwa “kai” da “ke” sai ɗaya ya yi tayi, tayin kuma na babba ne. Ya girme ta da shekara tara. Ga kuma Stefania kwance taku ɗari biyu daga rumfar. In yana so zai faɗa, in bai faɗa ba yana da dalilinsa. Haka ta tsara abin a ranta, ta zauna a kai.

Sau ɗaya ta ɗauka zai faɗa. Wata Asabar ce da ruwa ya tsuge, ya shigo cikin rumfar ya tsaya tsakanin bokitan furanni, wuri ya yi musu kaɗan har tana jin warin rigarsa da ta jiƙe. Ya ajiye kofi ya ce, “Pani Reniu, mun daɗe da sanin juna, ko?” Ta ce shekara goma sha ɗaya a watan Maris. Ya ce lallai, ba kaɗan ba ne. Sai ya yi shiru yana kallonta. Ita ma ta yi shiru tana kallonsa, ta riga ta shirya amsarta, kalma ɗaya ce. Ruwa yana dukan rufin. Ba wanda zai iya cewa minti nawa aka yi, wataƙila ko ɗaya bai cika ba. Wata mata ta shigo da laima tana tambayar farashin kambu, Lucjan ya sa hularsa ya yi sallama. Regina ta gaya wa kanta cewa ya auna ne ya ga ba zai iya yi wa Stefania haka ba, ta kuma ƙara ganin girmansa. Asabar ta gaba ya zo ƙarfe goma kamar kullum, aka ci gaba da gwiwa da tumatir shekara takwas.

Bana, a watan Fabrairu, Asabar ta zo bai zo ba. Ta ce santsi ne. Alhamis ɗin maiƙo ta zo, har sha biyu ba fanke ba mai fanke. Ta rufe rumfa da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta je gidansa da ta san lambarsa ba ta taɓa hawa ba, maƙwabciya ta ce asibiti. A can ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta ko danginsa ce. Regina ta nemi kalma ta rasa, ita da kalmomi ne abincinta. Ta ce idon sani ne. Aka ba ta minti goma.

Ya ƙanƙance a kan gadon, babu hular da zai juya, sai bakin bargo yake murzawa. Ya ba ta haƙuri a kan fanke. Ya roƙe ta ta kai wa Stefania furanninta biyu ranar Asabar kafin ya fito. Sai ya daɗe yana kallonta irin kallon ranar ruwan nan, ya ce mata lubię, kalmar nan ta shayi da maƙwabci, ya ƙara da ƙwarai da gaske. Regina ta san wannan ƙwarai ɗin, ita ake sawa in za a rufe ƙofa a hankali kada ta yi ƙara. Ta ce ita ma haka, pan Lucjan. Ta ja bargon ta rufe masa ƙafa ta ce, “Ku rufe ƙafafunku, ɗakin nan da sanyi.” Tana saukowa daga bene ta ji muryar uwarta ce ta fito daga bakinta.

Ranar Litinin ya rasu. Aka sa jana'iza Juma'a ƙarfe sha biyu.

Ranar Laraba da hantsi wata mata mai kamar shekara arba'in da biyar ta tsaya a bakin rumfa da ƙaramin akwatin tafiya, idanunta sun kumbura. Haɓar Lucjan ce a fuskarta sak. Ta ce ita ce Dorota, tana son kambu mafi girma, a rubuta wa babanta ukochany, da hannu, haka ya so. Regina ta ɗauko takarda tana rubuta sunayen jikoki. Matar ta tsaya tana kallonta.

“Ku ce Renia, ko?”

Regina ta ce ita ce.

“Baba bai taɓa ce muku pani a waya ba. Renia ta ce kaza, Renia tana tari, Renia ta sayi sabon mayafi bai yi mata kyau ba. Duk Lahadi rabin hirarmu ku ce.”

“A nan pani yake cewa.”

“Na sani. Na sha yi masa faɗa. Na ce Baba, shekararka saba'in da biyar, ka ce mata ke mana, me zai faru? Ya ce shi ba haka aka tarbiyyantar da shi ba. Namiji ba ya yi wa mace wannan tayin, ita ce mai ba da izini, ko da ya girme ta da shekara hamsin.” Dorota ta goge hanci, ta yi 'yar dariyar gajiya. “Wai ya taɓa buɗe muku hanya wata rana ana ruwa, ya tsaya ya jira, ba ku ce komai ba. Ya ce ya fahimta.”

“Me ya fahimta?”

“Oho. Ya ce dai ya fahimta. Ya ce kuma akwai maganar da ba a faɗa wa wadda ake ce wa ku, sai ta zama kamar wasan kwaikwayo, gara ya riƙe abinsa.”

Wayar Dorota ta yi ƙara, masu akwatin gawa ne, ta ja akwatin tafiyarta ta tafi tana amsawa. Regina ta zauna a kan bokitin da ta kifa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san wannan ƙa'idar ita ma. Kowa ya san ta. Babba ne ke tayi, mace ce ke tayi, duka biyun gaskiya ne, ana koya su a gida ɗaya, wani lokaci baki ɗaya ne ma ke faɗarsu. Ita ta riƙe ɗaya, shi ya riƙe ɗaya, kowa ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa ɗan'uwansa ya fara shiga. Mutum in ya tuna wannan minti guda na cikin rumfa sai gabansa ya faɗi, musamman wanda ke ganin yana da sauran lokaci.

Ta yi aikinta. Ta rubuta na Dorota. Ta rubuta na tsofaffin direbobi, drogi, kamar yadda suka ce. Ta rubuta na Bogusława, ƙanwar Stefania, wadda ta zo da tabarau ta tsaya a kanta har ta gama don kada a yi kuskure a sunanta. Ta rataye su a igiya su kwana. Sannan ta haɗa nata kambun, ɗan madaidaici, da ganyen itacen fir da jajayen furanni, ta yanko ƙyalle ta shimfiɗa a kan tebur, ta tsoma buroshi ta jira. Ba wanda zai faɗa mata.

Ranar Alhamis ƙyallen yana nan fari fat. A bakin kabari ana baje ƙyallaye ne kowa ya bi yana karantawa, a san wa ya kawo me, wa ya ce me. Kabarin kuma na mutum biyu ne, a gefen Stefania za a kwantar da shi, matar da Regina ta rubuta wa kalmar ƙoli da hannunta sau goma sha tara. Bogusława za ta karanta, matan coci za su karanta, kafin Lahadi rabin unguwa ya ji cewa mai furannin bakin ƙofa ta tsufa ba ta san matsayinta ba. In kuma ta rubuta abin da ya dace, to ta sake yin shiru ke nan, wannan karon babu Asabar ta gaba.

Wiesia ta shigo da kofinta ta dubi teburin.

“Har yanzu? Bara wata ta zo nan da sabon saurayinta yana jiranta a mota, ta ce ki rubuta wa mijinta ukochany, kika rubuta ba ki ce uffan ba. Yau naki ya zo kina auna shi kamar maganin ɓera.”

“Ba tawa ba ce. Ta Stefania ce.”

“To sa kochany.”

“Ba kawuna ba ne.”

“To rubuta drogi, ki je ofis su buga miki hatimi a ƙasa.” Wiesia ta ga fuskarta sai ta sauke murya. “Reniu, in ba ki rubuta yau ba ba zai bushe ba. Ke kika koya min.”

Regina ta ce ta sani. La'asar ta yi, ta wanke buroshi, ta rufe rumfa ta bar ƙyallen yadda yake.

Juma'a da safe ta zo cikin baƙar kwat ɗinta ta zuwa coci. Masu ɗaukar kaya suka kwashe kambunan nan uku. Ta zauna gaban nata, ƙarfe tara, ƙarfe goma. Tana kallon igiyar da ta zama wayam sai ta ga inda ta maƙale. Duk kalmomin nan uku labarin mutum ake bayarwa da su, ana gaya wa masu karatu ko shi wane ne a wajenka. Ita kuwa ba ta da abin gaya wa Bogusława. Shi ne yake bin ta magana, tun ranar ruwan sama.

Ta tsoma buroshi ta rubuta Kocham. Hannunta bai yi rawa ba. Saura 'yar kalmar da ke biye, mai harafi uku, wadda ita ce “ka”, wadda shekara goma sha tara ba ta fita daga bakinta zuwa gare shi ba. Ta ɗan tsaya a kan harafin farko, babba ko ƙarami. Ta yi shi babba, kamar yadda ake yi a wasiƙa in ana girmama wanda ake ce wa kai. Cię. Ta ja 'yar wutsiyar da ke ƙarƙashin harafin ƙarshe a hankali. A ɗaya reshen ta sa Renia, ba pani, ba sunan dangi.

Sha ɗaya da rabi ta wuce. Ta kara ƙyallen a gaban hitar da ya gyara, tana hura masa iska da baki kamar yarinya, ta san aikin banza take yi. Ƙararrawar ƙaramin cocin maƙabarta ta fara bugawa. Ta ɗauki kambun ta fita. Ƙanƙara mai ruwa-ruwa tana sauka, iska tana kaɗa ƙyallen, sai ta yi abin da shekara talatin tana hana mutane, ta kama shi ta danne a ƙirjinta da tafin hannu don kada ya jiƙe. A haka ta bi bayan mutane har bakin ramin.

Ta tsaya can baya kusa da direbobi. Fada ya yi addu'a, aka sauke akwatin, aka rufe. Masu haƙa suka bi suna karɓar kambuna suna jerawa, suna baje ƙyallayen. Da aka ɗaga nata daga jikinta sai ta ji ya ɗan maƙale kafin ya saki. Mutane suka fara zagayawa suna karatu. Bogusława ta sa tabarau ta bi ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kan na Regina ta sunkuya ta daɗe. Zinaren ya dame ya zama shafe ɗaya, ba abin da ya rage sai harafin farko da 'yar wutsiya can ƙarshe. Renia ce kawai ta fito tsaf.

“An ce hannunta ya fara rawa,” Bogusława ta ce wa ta kusa da ita, ba a hankali ba. “Da inji ta je.”

Abin da Regina ta fara ji sauƙi ne, ta kuwa ji kunyar wannan sauƙin. Bayansa sai wani abu ya taso mata wanda ya fi kunyar nauyi. Ta faɗa, ba a ji ba. Ta juya za ta koma rumfa sai ta ga Dorota tsaye a gabanta, ba fuskarta take kallo ba, ƙirjinta take kallo. Regina ta sunkuyar da kai. A kan baƙar kwat ɗin, daga maɓalli na biyu zuwa kafaɗa, kalmomin nan biyu ne kwance da ruwan zinare, a juye kamar a madubi, kowane harafi ya fito har wutsiyar. Leɓen Dorota yana motsi, tana bin su daga dama zuwa hagu. Da ta kai ƙarshe ba ta ɗauko hankici ta goge ba.

Regina ta ɗago kai. Ta ce, “Ni ce babba, duk kuma mata ne mu, don haka babu wani ruɗani. Ki ce min Renia.”

“Renia,” Dorota ta ce. “Ki zo mu ci abinci.”

Ta je. Ta zauna a ƙarshen tebur a ɗakin da aka kama, ta sha romon kaza da taliya da kwat ɗinta a jiki duk da zafin ɗakin. Waɗanda suka lura suka mai da idonsu kan kwanukansu. Ranar Lahadi Dorota ta koma Ailan, ta ce za ta riƙa kira. Ta kira sau ɗaya zuwa yanzu.

Asabar ɗin da ta biyo, ƙarfe goma, Regina ta ce wa Wiesia ta duba mata rumfa. Ta ɗauki fararen furanni biyu da jajaye uku ta shiga ciki. Kambunan sun fara yaushi a ƙarƙashin ƙanƙara. Ta ajiye fararen a gefen Stefania ta ce, “Ga saƙonku, pani Stefania, ku yi haƙuri da ni.” Ta ajiye jajayen a ɗaya gefen. Ta daɗe a tsaye, ba kowa a layin sai hankaka a kan wani gicciye.

“Lucek,” ta ce. Sunansa na gida ya fito da ƙyar, kamar sabon takalmi. “Bas ɗinka ya makara yau ma, minti bakwai. Da ka gani da ka yi faɗa.”

Ta ɗan saurara, ko da yake ta san ba abin da za ta ji. Ta ba shi labarin hitar da ta fara tari, da mayafin da ya ce bai yi mata kyau ba, wanda da ya faɗa mata a fuska da ta daina sawa. Minti goma sha biyar suka cika ta juyo.

A rumfa ta tarar Wiesia ta ajiye mata kwalbar tinna mai goge fenti da tsumma a kan tebur.

“Cire kwat ɗin nan in goge miki, kina yawo kamar allon talla.”

Regina ta mayar da kwalbar kan kantar rumfa, ta zauna ta ɗauko buroshi, akwai ƙyalle biyu na Litinin.

“Bar shi,” ta ce. “Ai ya riga ya bushe.”